Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Noma: A Bar wa Manomi Mabuɗin Rumbu

Mai girma Minista,

Ina so in yi maka magana a kan watannin da ke tsakanin kaka da tsakiyar damina, domin a cikinsu ne manomin ƙasar nan yake talaucewa, kuma su ne ma'aikatarka ta fi mantawa da su. Duk shekara labarin da ke zuwa daga Abuja ɗaya ne: an raba taki, an raba iri, an sayo taraktoci. Babu laifi, duka taimako ne ga shuka. Amma abin da ke faruwa da hatsin bayan an sussuke an zuba a buhu, wa ya saya, a kan nawa, wa ya ajiye, wa ya sake sayarwa, wannan an bar wa kasuwa, kasuwa kuwa tana da masu ita. A Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, suna fama da talauci ta fuskar abinci da lafiya da ilimi da muhalli. A birane kashi 42 ne, a karkara kashi 72, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Talaucin ya fi kamari a inda ake noma abincin, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa a yi shakkar cewa ƙarin buhun taki ne maganinsa.

Ranka ya daɗe, ga yadda abin yake tafiya. Daga Oktoba zuwa Disamba kowane manomi yana da hatsi, kuma kusan kowane manomi ana bin sa bashi. Mai taki yana jira, wanda ya ba shi buhun masara a watan Yuli yana jira, ga kuɗin makaranta, ga auren 'ya da aka ɗaga zuwa kaka, ga ɗakin da ruwa ya kayar. Dole ya kai kasuwa, shi da maƙwabcinsa da duk ƙauyukan da ke cin wannan kasuwar, a makonni guda. Farashi ya faɗi. Mai kuɗi ya aiko yaransa da mota su tara, a kai sito a Dawanau ko Dandume ko Saminaka, a sa magani, a rufe. Kafin ruwa ya zauna rumbun manomin ya yi ƙasa. A Yuli da Agusta shi ne a gaban mai awo yana sayen tiya-tiya daga irin hatsin da ya sayar buhu-buhu, da tsadar da ba a ba shi ba. Kuɗin awon kuma daga ƙwadago yake fitowa: ya bar tasa gonar a daidai lokacin da take neman noman farko, ya tafi ta mai hali ya yi yini, ciyawa ta cinye tasa. Amfanin bana ya ragu, bashin baɗi ya ƙaru, idan kuma rashin lafiya ya shigo gidan sai a kai ga jinginar da gonar. Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta rubuta wannan dalla-dalla a littafinta na 1972, har ta nuna akwai magidantan da talauci ya hana su noma gonarsu ta kansu. Fiye da shekara 50 ke nan, kuma ɗan Batagarawa na yau ba zai ga baƙon abu a ciki ba.

A nan ne mutumin ƙauye yake haɗuwa da jari-hujja fuska da fuska. Ba na cikin masu zagin ɗan kasuwa. Aiki yake yi na gaske: yana tarawa, yana biyan mota da 'yan dako, yana ɗaukar kasadar ƙwari da gobara da faɗuwar farashi, kuma in ba don shi ba hatsin Giwa ba zai kai Legas ba. Abin da nake nunawa shi ne, a wannan tsari riba tana bin wanda zai iya jira ne, jira kuwa da kuɗi ake sayensa. Wanda ya yi wata biyar yana sunkuye a gona ba shi da halin jiran mako biyu, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba yana iya jiran wata bakwai. Saboda haka tambayar da ta kamata ma'aikatarka ta riƙa yi ita ce wa ya mallaki sito, wa ya mallaki sikeli, wa ya mallaki injin casa da na matsar mai, kuma a hannun wa bashi yake. Amsar da nake kawowa ita ce manoma su mallake su tare, a ƙungiyoyin gama-kai na haƙiƙa, kowa da gonarsa da hatsinsa, amma ma'ajiya da ciniki da lamuni na taro.

Na san da zarar an ce a nemi wata hanya ban da jari-hujja, sai hankali ya tafi ga gwamnati ta karɓe komai. Wannan an gwada, kuma manomi ne ya sha. A ƙasar nan hukumomin sayen amfanin gona, tun daga ta gyaɗa a 1949 zuwa ta Jihar Arewa a 1954, su kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa da auduga waje. Suna yanka wa manomi farashi ƙasa da na kasuwar duniya, rarar kuma a kashe ta yawanci a birane. Dalar gyaɗa da muke alfahari da hotonta a Kano, wanda ya noma ta bai ga kaso mai tsoka daga kuɗinta ba. A Tanzaniya, Julius Nyerere, mutumin da ba a zarge shi da sata ba, ya yi shelar Arusha a 1967, daga 1973 zuwa 1976 aka kwashe miliyoyin mutane da ƙarfin hukuma zuwa ƙauyukan ujamaa, a 1976 kuma ya rushe ƙungiyoyin gama-kan da manoman kofi da auduga suka gina da kansu, ya maye gurbinsu da hukumomin gwamnati. Noma ya ja baya, sai da aka dawo da ƙungiyoyin a farkon shekarun 1980. A Sin gonakin gurguzu sun kai ga yunwar 1959 zuwa 1961 wadda ta ci rayukan miliyoyi, kuma abinci bai wadata ba sai da aka fara mayar wa kowane gida ikon noma nasa yanki daga 1978. Mu ma muna da Bakolori, inda aka gina madatsar ruwa da sunan ci-gaban manomi, a Afrilun 1980 kuma 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu.

Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986 a ƙarƙashin shirin SAP, an ce kasuwa za ta gyara komai. Ta cire wa manomi mai yanka farashi guda ɗaya, ta bar shi shi kaɗai a gaban masu yawa. Daga baya aka haɗa gwamnati da kasuwa a shirin Anchor Borrowers, wanda aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015: kuɗin jama'a daga Babban Banki, kamfani ko babban mai casa a tsakiya, manomi a ƙarshen layi yana karɓar taki da iri a farashin da ba shi ya sa ba. An fitar da fiye da naira tiriliyan 1. A farkon 2023 Babban Bankin da kansa ya ce kimanin rabi aka biya, Asusun Ba da Lamuni na Duniya kuma ya ce kashi 24 cikin ɗari ne. Shinkafa ta ƙaru, an gina injinan casa masu yawa, an kuma jera dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022 aka ɗauki hoto. Amma bayan an kashe wannan maƙudan kuɗi, a nuna mini sito nawa ko inji nawa suka zama mallakin ƙananan manoman da aka karɓi bashin da sunansu.

Hanyar da nake nufi ba sai an haye teku za a gan ta ba. A Jamhuriyar Nijar, tun ƙarshen shekarun 1990, da tallafin hukumar FAO, ƙungiyoyin manoma suna wani tsari na jinginar da hatsi. Da kaka kowane mamba ya kawo buhunansa na gero ko wake ko gyaɗa zuwa ma'ajiyar ƙungiya. A auna, a duba bushewa da tsabta, a rubuta sunansa a jikin buhu da cikin littafi. A rufe ƙofa da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun ƙaramin bankin da zai ba da lamuni, yadda babu mai buɗewa sai ɗayan yana tsaye. Bankin ya ba shi yawanci kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na darajar hatsin a farashin kaka. Da wannan kuɗi ya sallami masu bin sa, ya sayi rago ya turke, ko ya shiga noman rani, matarsa ta ja jarin ƙuli-ƙuli. Bayan wata biyar ko shida ya biya, a buɗe, ya ɗauki hatsinsa lokacin da ya yi daraja, ya ci ko ya sayar. Banki bai nemi takardar fili ba, wadda manomin ƙauye ba shi da ita, domin jinginar tana kulle a gabansa. Tsarin ya bazu zuwa Burkina Faso da Mali. A yammacin Kenya kuma an yi gwaji na tsanaki a kan manoman masara, aka buga sakamakon a 2019: waɗanda aka ba lamuni a lokacin girbi sun jinkirta sayarwa, kuɗin ya dawo musu da ribar kusan kashi 29 cikin ɗari. Abin da ya fi jan hankali a binciken shi ne, inda masu ajiyar suka yi yawa, farashin kaka ya ɗan ɗaga, tazararsa da na lokacin tsada ta ragu, har wanda bai karɓi lamunin ba ya amfana. Matsalar ƙwarin wake ma, wadda take tilasta sayarwa da wuri, ta samu sauƙi tun da buhun PICS mai ruɓi uku, na Jami'ar Purdue, ya shigo yankinmu daga 2007.

Idan ana shakkar ko mutanen karkara za su iya riƙon amanar kuɗin junansu, a dubi Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan yankin Maraɗi a 1991 a kan tubalin adashin da suka gada. Mata 20 zuwa 30 su haɗu duk mako, kowace ta zuba abin da aka yi alkawari, a ƙirga a gaban kowa da babbar murya, a sa a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗan a hannun mata uku daban, akwatin ya kwana a ɗakin ta huɗu. A ba mai buƙata rance, a ƙarshen shekara a fasa a raba. Babu ko sisin gwamnati a ciki. Wannan tsari da aka haifa a ƙasar Hausa yau miliyoyin mutane ne ke bin sa a Afirka da Asiya, mu kuma muna zuwa tarukan ƙasashen waje muna tambayar yadda za a shigar da talaka harkar banki.

Ajiya matakin farko ce. Kuɗi mai kauri yana wajen sarrafawa, kuma a nan misalin Indiya ya fi dacewa. A 1946 makiyayan gundumar Kaira a jihar Gujarat suka yi yajin kai madara ga kamfanin Polson, wanda shi kaɗai ke saye yana sa farashin da ya ga dama, suka kafa tasu ƙungiyar a garin Anand. Ita ce Amul. Mace mai saniya ɗaya ko biyu takan kai madararta wurin tarawa na ƙauye safe da yamma, a gwada yawan man da ke ciki a gaban idonta, a biya ta gwargwadonsa. Ƙungiyoyin ƙauye su ke da masana'antar gunduma, na gunduma su ke da tarayyar jiha da ke tallatawa. Verghese Kurien, injiniyan da ya ja ragamar aikin, ma'aikacin makiyayan ne, su ke biyan sa. Daga 1970 gwamnati ta yaɗa tsarin a faɗin ƙasar, kuma yau Indiya ce ta ɗaya a duniya wajen samar da madara, Amul kaɗai tana da mambobi kimanin miliyan 3.6. A nan gida kuwa 'yar Fulani tana yawo da ƙwarya a ka a cikin rana tana tsoron nonon ya lalace kafin la'asar, ƙasar kuma tana kashe fiye da dala biliyan 1 duk shekara wajen shigo da madara. Haka labarin yake ga tumatirin Kadawa da albasar Aliero da riɗin Jigawa.

Yanzu bari in zo ga abin da za a ce mini, domin jami'anka za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce an daɗe ana gama-kai a Najeriya, tun dokar 1935, kuma yawancinsu sun mutu ko sun zama suna kawai. Gaskiya ne. Amma a duba yadda aka haife su. Mafi yawan ƙungiyoyin da ke cikin rajistar jihohi an kafa su ne a makon da aka ji gwamnati za ta raba wani abu. Wani mai baki a ƙaramar hukuma ya tara sunayen 'yan'uwa da 'yan jam'iyya, ya biya kuɗin rajista, ya sa satifiket a jaka, ya karɓi taki ya sayar a bakin sakatariya. Mambobin ba su zuba komai ba, don haka ba su da abin tsarewa, kuma kowa ya ɗauki bashin gwamnati a matsayin rabonsa na arzikin ƙasa. A Nijar ma bankunan cimaka da aka kafa bayan farin shekarun 1970 da 1980 da hatsin agaji, da yawansu sun ƙare cikin 'yan shekaru: an ba da rance ba a biya ba, kwamiti ya ci, rumbu ya zama kango. Bambancin waɗannan da ma'ajiya mai kwaɗo biyu ko akwatin Mata Masu Dubara a fili yake. A can kayan na baƙo ne, a nan buhun da ke ciki gumin mutum ne da sunansa a jiki, kuma wanda hatsinsa ke kulle a ɗaki ba ya barin a zaɓi ɓarawo ma'aji. Darasin shi ne kada gwamnati ta fara da zuba kuɗi. Ta fara da abin da ƙungiya ba za ta iya yi wa kanta ba: mai binciken littafi mai zaman kansa da zai zo duk shekara ya karanta sakamako a gaban mambobi, sikeli da aka tantance, da kotun da za ta hukunta shugaban da ya ci amana ko da ɗan gidan hakimi ne.

Za a kuma ce akwai riba a ciki, kuma ajiye hatsi don jiran tsada ɓoye abinci ne, wanda addini ya hana. Wannan magana ce mai nauyi a Arewa, kuma duk shirin da ya raina ta zai mutu a bakin masallaci. Jingina dai halal ce. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa na jingine a kan sha'irin da ya karɓa wa iyalinsa. Abin da ya rage shi ne siffar lamunin, kuma fiƙihu bai rasa hanyoyi ba: ana iya sayar wa manomi taki ko dabbar turka a kan murabaha hatsinsa na matsayin jingina, ana iya cinikin salam, ana iya haɗa jari a raba riba da asara. Bankin Jaiz yana aiki tun 2012, wasu sun biyo baya, kuma Babban Banki ya fitar da ƙa'idojin ba da tallafinsa ba tare da ruwa ba a 2020. Batun ɓoyewa kuma, malamai sun daɗe da bambanta wanda ya share kasuwa ya kulle don ya ƙuntata wa jama'a da wanda ya ajiye amfanin gonarsa. Hatsin nan ko ta yaya ajiye shi za a yi, domin ba a cinye noman shekara a wata uku. A Fabrairun 2024 hukumar yaƙi da cin hanci ta Kano ta rufe wasu manyan sito-sito a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Ko me mutum ya ɗauka game da wannan mataki, ya nuna inda abincin yake taruwa. Buhu dubu a hannun manoma ɗari biyu, waɗanda rabinsa ci za su yi, ya fi wuyar zama makamin ƙuntatawa fiye da buhu dubu a hannun mutum ɗaya.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kaina ita ce farashi ba kullum yake tashi ba. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da masara da shinkafa da alkama da wake. Na fahimci dalili, mutanen birni suna kuka da tsada. Amma a 2025 farashin hatsi ya faɗi warwas alhali taki yana sama, waɗanda suka ajiye suka tafka asara, manoma da yawa suka ce sun bar masara. Da a ce ƙungiyoyi sun jinginar da hatsinsu a wannan kakar, da wasunsu sun karye. Ban ɓoye wannan ba. Sai dai a lura cewa wannan kasadar ba daga sama ta sauko ba, daga ofis ta fito. Manomi yana iya lissafin ruwa da ƙwari, ba ya iya lissafin sanarwar da za a yi bayan ya riga ya shuka. Don haka wajibi ne a sanar da manufar shigo da abinci kafin damina, a kuma tsaya a kanta. Wajibi ne kuma gwamnati ta zama mai saye na ƙarshe a farashin da aka sani tun farko. Tana da manyan rumbuna 33 a faɗin ƙasar, waɗanda aka ba da hayar da yawansu ga kamfanoni, tana ciyar da sojoji da fursunoni da 'yan gudun hijira da ɗaliban makarantun kwana, kuma kusan duk wannan ta hannun 'yan kwangila ake saye. Brazil ta yi doka a 2009 cewa aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin tarayya na ciyar da ɗalibai a sayi abinci da shi kai tsaye daga ƙananan manoma da ƙungiyoyinsu. Wannan sharaɗi ba ya buƙatar ƙarin ko kwabo a kasafi, hanyar kuɗin kawai aka karkata. Shirinmu na ciyar da ɗalibai da aka fara a 2016 yana da wannan buri a takarda, ba shi da irin wannan tilas a doka.

Akwai waɗanda wannan tsari ba zai kai gare su kai tsaye ba, kuma bai kamata a yi musu alkawarin ƙarya ba. Wanda nomansa ba ya kai shi wata huɗu ba shi da buhun da zai jinginar. Shi ribarsa ita ce hatsi ya zauna a garinsu, tiyar Agusta ta yi sauƙi, a samu aikin casa da dako da matsar mai a kusa maimakon cin rani. Sauran kuma aikin zakka ne, wadda ushirinta na hatsi ya fi sauƙin fitarwa da rabawa a inda ake awo a rubuce. Haka nan a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja inda 'yan bindiga ke sa wa manoma haraji kafin shuka da kafin girbi, sito cike da hatsi kiran ɓarayi ne. A irin waɗannan wurare sai dai a ajiye a manyan garuruwan kasuwa, kuma babu tsarin tattalin arziki, na jari-hujja ko waninsa, da zai yi aiki a inda hukuma ta janye.

Masu cewa zamanin ƙaramin manomi ya wuce, a ba manyan kamfanoni dubban hekta su yi noman zamani, ina tambayarsu inda mutanen za su. Masaƙun Kakuri sun rufe, Sharaɗa da Bompai ba su ɗaukar ko kaɗan daga matasan da ke shigowa Kano kullum. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta sa fili a hannun gwamna, kuma sa hannu ɗaya ya isa ya mayar da masu gona 'yan ƙwadago a gonar kakanninsu. Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan sun fita daga talaucin karkara ne da ƙananan gonaki, bayan an raba filaye ga masu noma su, tare da ƙungiyoyin da ke saye da sayarwa da ba da lamuni. A Holan, wadda ba wanda zai kira ƙasar gurguzu, babban bankin noma Rabobank na gama-kai ne, haka ma FrieslandCampina, uwar kamfanin da ke sayar mana da madarar Peak, mallakin manoma masu shanu ce. Girman da ake nema don a samu sauƙin sayen taki da hayar tarakta da ciniki da babban mai saye, ana samun sa ta haɗa manoma, ba tare da an raba kowa da gonarsa ba.

Abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, bai kai kuɗin taraktoci ɗari ba. Sashen gama-kai na tarayya a ƙarƙashinka yake. A gyara dokar ƙungiyoyin gama-kai ta 1993 yadda binciken littafi na shekara zai zama sharaɗin ci gaba da rajista, a soke duk ƙungiyar da ba ta iya nuna taron mambobi da kuɗin da suka zuba da kansu. A tabbatar wa takardar ajiya ta siton ƙungiya matsayin jingina da banki zai karɓa, a umarci Bankin Manoma ya ware kaso na lamuninsa don watannin Nuwamba da Disamba, da siffar da ba ta da ruwa ga mai so. Maimakon wani katafaren rumbun ƙarfe a babban birnin jiha, a gina ƙananan sito masu rufi mai kyau da daɓen siminti a garuruwan da kasuwa ke ci, a miƙa su ga ƙungiyar da ta riga ta yi shekara biyu tana adashi ko ajiya ba tare da an ba ta komai ba. A yanka kaso na abincin da hukumomin gwamnati ke saye a ce daga irin waɗannan ƙungiyoyi za a saye shi, a biya cikin mako biyu, domin manomi ba ɗan kwangila ba ne da zai yi shekara yana bin fayil. Abu mafi wuya ga kowace gwamnati kuma, a cire hannu daga zaɓen shugabanninsu. Ranar da shugaban ƙaramar hukuma ya fara aiko da sunan wanda zai riƙe mabuɗi, a ranar ƙungiyar ta mutu.

Kada a fara da ƙasa baki ɗaya, kada kuma a fara da bikin ƙaddamarwa. A zaɓi ƙananan hukumomi kaɗan a yankin masara da na gero da na shinkafa, a rubuta farashin buhu a kasuwanninsu a Nuwamba da kuma Yuli, a ƙirga gidaje nawa ne suka koma awo kafin sabon hatsi ya fito, a sake ƙirgawa bayan kaka uku, a buga sakamakon kowa ya gani ko da bai yi daɗi ba. Idan ana so a kama kaka mai zuwa, ginin sito da tantance ƙungiyoyi da yarjejeniya da bankuna sai an gama su kafin a fara yankan gero, domin manomin da ya riga ya ɗora buhunsa a motar ɗan kasuwa ba a dawo da shi.